Kujerun fata a motar Ingila: kada ka shafa musu mai

Yawancin 'yan'uwa da suka sauka Ingila, motarsu ta farko ta hannu ce, wadda ta sha hanya. Ka buɗe ƙofa ka tarar kujerar direba ta yi duhu tana sheƙi, gefen da ake murzawa wajen shiga da fita ya fara tamoji. Abin da zuciya ke fara raya maka shi ne fata ta bushe, a ba ta mai. Haka muka taso muka gani, domin fatar da majemanmu ke jemewa da bagaruwa tana shan mai ta yi laushi. Ta mota ba haka take ba.

Kusan duk fatar kujerar motar zamani an rufe ta da fenti, an kuma bi da wani siririn lulluɓi na roba a samansa. Shi hannunka ke taɓawa, shi kuma kake wankewa. Gwada ka gani: ɗiga ruwa a inda bai ci ba. In ya tsaya ya dunƙule, lulluɓin na nan. Wasu ma ba fatar ba ce sam, irin Artico na Mercedes ko Sensatec na BMW, roba ce da aka yi wa kamannin fata. To man kaɗanya ko basilin ko man zaitun ba inda za su shiga. A sama za su zauna su kama ƙura, farar shaddarka ta Juma'a ta kwashe sauran.

Sheƙin nan ma dauɗa ce, gumi da maiƙon jiki da man shafawa. Sabuwar kujera ba ta ƙyalli.

Fara da injin zuƙe shara, ka bi ɗinki da lunguna, don yashin da ya maƙale shi ke kankare lulluɓin idan ka goga a kansa. Sai ka nemi sabulun da aka yi musamman don fatar mota, akwai a shagon kayan mota na Halfords, na kamfanin Autoglym da ire-irensa, tare da tsumman maikurofaiba (mai laushin nan na goge mota) biyu da buroshi mai taushi. Gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. A kan buroshin za ka fesa, ba a kan kujera ba, balle in mai ƙananan huji ce, ko mai ɗumama jiki lokacin sanyi, don akwai wayoyi a ƙarƙashinta. Murza a hankali har ya yi kumfa, ka share da tsumma mai ɗan danshi, ka bi da busasshe. Sashe-sashe ake yi. In dauɗar ba ta fita ba ka sake, kada ka ƙara ƙarfi. Dauɗa a tsumma daidai ne, amma da ka ga launin kujerar kansa na fita, tsaya nan, lulluɓin ya riga ya ci.

Abubuwan da na fi ganin suna ɓata kujera su ne na kusa da hannu: sabulun wanke-wanke, bilic, takardar goge jarirai, man takalmi, da sanitaiza mai barasa, wadda ke cin sitiyari idan aka kama shi hannu bai bushe ba. Mafi sharri shi ne farin soson nan da ake kira Magic Eraser. Yana fitar da dauɗa nan take har ka yi murna, alhali kankarewa yake kamar sanfefa.

Mai kujera fara ko ruwan madara ya kula da sabon wandon jins, yana zuba. Haka ɗanyen lalle a hannun uwargida, da turare mai maiƙo. Share su a ranar, in sun kwana biyu sun zauna.

Inda fatar ta tsage kuwa, wanki ba ya ɗinke ta. Aikin masu gyaran fata ne, su cike tsagar su sake fenti daidai da launin motar. In kuma motar ta haya ce, kamar yadda masu aikin Uber da yawa ke karɓa mako-mako, ɗauki hoton kowace kujera ranar da aka miƙa maka makulli, don ranar mayarwa za a duba, kuma abin da ya wuce tsufan yau da kullum a kuɗinka za a cire.