In lauya ya kira ki kan tsohon majinyaci

'Yan uwa nas-nas na Jos, in lauya ko ɗan sanda ya bugo yana tambayar wani da kika taɓa jinya, kar ki fara zuba a waya ko da ya ce gaggawa ce, ki ce ya rubuto wa asibiti takarda sannan ki faɗa wa shugabarku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta hana fitar da sirrin mara lafiya sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko 'yan dalilai kaɗan. Fayil kuwa kar ki gyara ko kwanan wata, wallahi nan mutane ke faɗawa rami. In sammaci ya zo ki tafi da lauyan asibiti, abin da kika manta ki ce kin manta.