Yadda ake taimaka wa kyanwa mai ciki ta haihu lafiya, da yadda ake kula da 'ya'yanta

Nan Garwa ta Kamaru kusan kowane gida da akwai kyanwa, ko dai ta gidan ce ko kuwa ta maƙwabta mai tsallako katanga, muna jin daɗinta tana kore mana ɓera daga sito da buhun masara, amma da ta ɗau ciki sai kowa ya watsar da ita har sai an ji kukan 'ya'ya cikin lokar kaya. Ni kyanwarmu ta haihu a hannuna sau huɗu a gidanmu na Yelwa, kuma abin da na koya shine yawancin aikin ita ke yin abinta, naki kawai ki gyara mata wuri, ki sa ido, ki kuma san lokacin da abu ya fi ƙarfinki. Ina cewa "ki" ne don mata mu ke wuni a gida da su, amma maza ma ku karanta dan Allah.

Farko ki tabbatar cikin ne, ki fara lissafi. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 67 ne, wata biyu da 'yan kwanaki kenan. In kin lura da daren da muzurai suka hana ku barci da ihu a kan rufi toh daga nan za ki fara ƙirga. Wajen sati 3 kan nononta zai yi ja ya ɗan kumbura, a sati na 5 ciki ya fito sosai. Kada ki riƙa matsa cikin da hannu wai kina ƙirga 'ya'ya, kuma ki hana yara ɗaukarta ta ciki, ana iya yi wa na cikin lahani.

Sai abinci. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo da miyar kuka ba za su riƙe mai ciki ba ko da tana lasa. Alhamdulillahi kifin Benuwe bai mana wuya, ki dafa mata shi ba gishiri ba yaji ki cire ƙaya, ko tarkacen nama daga wajen mahauta, kan kaza, dafaffen ƙwai, hanta jefi-jefi ba kullum ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, kar ki juye mata sauran miya. A satin ƙarshe cikin ya matse ta bata iya ci da yawa lokaci ɗaya, sai ki riƙa bata kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, ruwa mai tsabta kuma kar ya yanke. In akwai hali kin samu abincin kyanwa na kanti wanda aka yi don ƙanana, shi ya fi dacewa da mai ciki da mai shayarwa.

Akwai maganar da nake so ta zauna miki tun yanzu: kar ki ba kyanwa maganin mutane. Farasitamol guba ne a wajenta, hantarta bata iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Wata maƙwabciyarmu da kyakkyawar niyya ta jiƙa rabi ta ɗura wa tata bayan haihuwa don ta ga kamar tana jin jiki, kafin kwana biyu ta mutu ta bar 'ya'ya huɗu, wallahi har yau abin na damuna. Haka maganin kaska da ƙuma na shanu ko na karnuka, da yawansu suna da sinadarin famitirin da ke sa kyanwa farfaɗiya, kananzir ma da ake shafawa haka. Kome za a ba ta sai likitan dabbobi ya faɗa.

In ke ma kina da juna biyu, ki bar wani ya riƙa kwashe kashinta, in babu kowa ki sa leda a hannu ki wanke da sabulu bayan nan, saboda akwai wata cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa mai iya taɓa jaririn da ke cikinki.

Kamar saura sati biyu ki haɗa mata ɗakin haihuwa. Kwali babba ya isa, ki yanke gefe ɗaya ki bar ɗan tudu yadda ita za ta tsallaka amma 'ya'yan ba za su gangaro ba, ki shimfiɗa tsofaffin zannuwa masu tsabta, ba tawul mai zare-zare ba don farcensu na maƙalewa. Wurin ya zama lungu mai duhu, ba hayaniya, nesa da murhu da hayaƙin maganin sauro. Yanayinmu ma sai an duba shi: in da hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba shi ke kashe jarirai, kar ki ajiye kwalin kan siminti tsirara, ki sa buhu ko tabarma a ƙasa. In kuma bazara ce ta Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana tanda ne, ki nemo inda iska ke shiga. Ki share kewayen sosai saboda tururuwa da cinnaka, ƙarnin haihuwa na jawo su kuma suna iya lulluɓe jariri cikin dare ɗaya. Kuma fa tana iya ƙin kwalinki ta zaɓi ƙarƙashin gado, in wurin ba hatsari ki ƙyale ta, in kin matsa mata za ta je ta haihu inda hannunki bai kai.

Ki tanadi almakashi ko sabuwar reza, zare, tsumma mai laushi, auduga, sirinji ba allura, da lambar likitan dabbobi. Wannan na ƙarshen ki nema tun kafin ranar, domin likitocin dabbobinmu na arewa sun fi sabawa da shanu da tumaki, gara ki je ofishinsu ko shagon maganin dabbobi ki tambaya wa ke duba kyanwa da kare, kar sai ƙarfe biyun dare ki fara buga waya.

Alamar naƙuda ta kusa: za ta daina cin abinci, tana shiga kwali tana fita, tana lashe ƙasanta ba ƙaƙƙautawa, tana kuka, wata ta riƙa binki duk inda kika sa ƙafa, nono ya cika har ya ɗiga. In kina da ma'aunin zafin jiki, na kyanwa 38 zuwa 39 ne, in ya sauka ƙasa da 38 haihuwa na nan tafe cikin kwana ɗaya. Wannan kai-komon yana iya ɗaukar wuni guda musamman a haihuwar fari, ba abin tsoro bane.

Da ta fara yunƙuri sosai, ki kori yara, ki zauna nesa kaɗan ki yi shiru. Ɗan zai fito cikin wata 'yar jaka mai santsi, uwar ta fasa ta da haƙori, ta lashe shi har ya yi kuka, ta gutsire cibiya, mabiyiya ta biyo ta cinye. Duk wannan daidai ne kar ƙyama ta sa ki ƙwace. Wani ɗan da kai yake zuwa wani da ƙafafun baya, a kyanwa duka biyun ba matsala. Tsakanin ɗa da ɗa minti 10 zuwa awa ɗaya ne galibi, yawanci kuma uku zuwa biyar take haifa. Wata tana haihuwar biyu ta tsaya ta huta, tana shayarwa tana cin abinci hankali kwance, sai bayan awanni har kwana ɗaya ta ƙarasa, in dai bata yunƙuri bata galabaita ba ki bar ta. Abu ɗaya da ke naki shine ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa, in ɗaya ta maƙale a ciki tana ruɓewa ta sa mata zazzaɓi.

Yaushe za ki sa hannu? In ɗan ya fito minti ɗaya ya wuce uwar bata kula shi ba, ta gaji ko ta ruɗe, ki wanke hannu ki yage jakar daga wajen fuska, ki goge hanci da baki, ki riƙe shi kansa ya ɗan yi ƙasa ki riƙa murza bayansa da tsumma da ɗan ƙarfi har ya yi tsuwa. Kada ki wujijjiga shi a iska kamar yadda wasu ke yi. In cibiya bata yanke ba ki ɗaure da zare kamar faɗin yatsa biyu daga cikinsa, ki yanke ta gaba da ƙullin, ɓangaren mabiyiya, da rezar nan sabuwa, ba a jan cibiya kuma ba a sa mata toka ko ƙasa. In ɗa ya fito rabi ya tsaya, ki kama shi da tsumma ki ja a hankali zuwa ƙasa wajen ƙafafunta, lokacin da take yunƙuri kaɗai, in kin ji ya ƙi ki saki.

Waɗannan kuma ba na gida bane, ki ɗauke ta cikin kwalinta ki hau moto zuwa wajen likitan dabbobi: tana yunƙuri da ƙarfi minti 20 zuwa 30 ba abin da ya fito, jini ja yana zuba sosai, ruwa kore ko mai wari ya fito alhali bata haifi ko ɗaya ba, ta kwanta shame-shame bata ɗaga kai, ko ciki ya haura kwana 70. Kar wani ya ce zai mata allurar naƙuda a gida, in ɗa ya gicciye allurar tana iya fasa mahaifa.

Bayan an gama ki canza shimfiɗar da ta jiƙe, ki kawo mata abinci da ruwa dab da kwalin domin kwanakin farko bata son nisa da su. Ki duba kowane ɗa ya kama nono a ranar farko, wannan nonon farkon, dakashi, shi ke ɗauke da kariya daga cututtuka kuma cikinsu na iya amfana da shi ne cikin awa 24 na farko kawai. In akwai ƙarami da 'yan'uwa ke turewa, ki ɗora shi da hannunki kan nonon baya, sun fi ruwa. Zancen da ake cewa in ka taɓa ɗan kyanwa uwar za ta cinye shi, ni kyanwar da ta saba da ni bata taɓa yi min haka ba, abin da ke sa ta kwashe su ko ta ƙi su shine yawan damu, kowa ya zo ya ɗaga ya leƙa. Taɓawa sau ɗaya a rana don dubawa ya wadatar. Muzuru kuwa a rufe masa ƙofa, baƙon muzuru yana iya kashe jarirai.

Jariri lafiyayye ana haifarsa da nauyin giram 90 zuwa 110, yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, in kina da ƙaramin sikelin kicin ki riƙa aunawa. In babu, kunnenki ma ya isa: wanda ya ƙoshi barci yake cikinsa a cike, wanda ke kuka ba tsayawa ko ya koma gefe shi kaɗai jikinsa da sanyi, yana cikin hatsari. Har su kai sati 3 ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu da kansu. In kin samu mai sanyi ki fara ɗumama shi tukun, cikin rigarki ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da zani, a hankali, sai ya yi ɗumi sannan a ba shi abinci, don cikin da ya yi sanyi baya narkar da madara. Cibiya na faɗuwa wajen kwana 3, ido na buɗewa tsakanin kwana 7 da 14, kar a buɗe musu da hannu. In ido ya kumbura da ruwa a goge da auduga da ruwan ɗumi a nuna wa likita. Ƙuma kuma tana shanye musu jini har su mutu, ki tsince da hannu ko mataji mai ƙananan haƙora ki riƙa wanke shimfiɗa da ruwan zafi kina shanyawa a rana.

In uwar ta mutu ko ta ƙi su, nan ne aikin yake. Mafi sauƙi ki tambaya a unguwa ko akwai wata mai shayarwa, sau da yawa suna karɓar 'ya'yan da ba nasu ba. In babu, madarar jariran kyanwa ta musamman ake nema. Nonon shanu da Nido da madarar gwangwani mai sukari zawo suke sa su, zawo kuma a wannan jikin kwana ɗaya ya isa ya gama da su. Kafin ki samu ta kirkin, nonon akuya da aka tafasa ya huce aka kaɗa kwaiduwar ƙwai a ciki yana iya riƙe su na ɗan lokaci. Kowace awa 2 zuwa 3 ake ba su, har dare, da sirinji ɗigo-ɗigo, ɗan yana kwance rub da ciki kamar yadda yake shan uwarsa, in kin kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum madarar huhu za ta tafi. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa masa ƙasan wutsiya har ya yi fitsari da kashi, su kaɗai basa iyawa sai sun kai kamar sati 3, lasar da uwa ke musu aikinta kenan.

Uwar ma kar a manta da ita, mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba. Ɗan jini-jini na wasu kwanaki ba komai, amma in yana wari, ko ta daina ci, ko nono ɗaya ya yi tauri da zafi, ko ta fara rawar jiki ƙafafunta na sanƙarewa, a kai ta a ranar.

A sati 4 sai ki fara sa musu dafaffen kifi da aka marmasa da ɗan ruwa a faranti, da tire mai yashi don bayan gida, za su koya wajen uwarsu. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun suna sati 3 da awon likita, rigakafin farko a sati 8 zuwa 9, na ciwon haukan kare a wata 3, kuma wannan kar a yi sakaci da shi tunda yaranmu ke wasa da su. Kada a raba su da uwa kafin sati 8, in an kai 12 ya fi. Tun suna ƙanana ki fara cigiyar masu so, masu shago da masu sito kullum suna nema, domin abin da ke ƙona min rai shine ganin an zuba su a kwali ido bai buɗe ba an kai bola ko bakin kasuwa, alhali mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare bata ci da ita ba. In ba ki son wasu 'ya'yan kuma, ki sani tana iya ɗaukar wani cikin tun tana shayarwa, don haka da ta yaye su ki yi wa likita maganar aikin da ake musu na tsayar da haihuwa, kar ki yarda da allurar tazarar haihuwa ta mata da wasu ke musu, tana iya tara musu mugunya a mahaifa.