Yadda za ka tafiyar da kafe a wasan Internet Cafe Simulator ba tare da jarinka ya karye ba

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin shagunan intanet na Kano, ko a wajajen Kabuga da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ko a kan titin Gidan Zoo, yana jiran layi ya zo kansa domin ya duba sakamakon WAEC ko NECO, ya san kafe ne daga ɓangaren kwastoma kawai. Wasan Internet Cafe Simulator yana ɗauke ka daga kan bencin jira ya zaunar da kai a kujerar mai shago, inda haya da kuɗin wuta da ƙorafin jama'a duk suke a wuyanka. Kamfanin Cheesecake Dev na ƙasar Turkiyya ne ya yi shi. Kashi na farko ya fito a Steam, dandalin sayen wasannin kwamfuta, a watan Oktoba na 2019, na biyu kuma a watan Janairu na 2022, kuma ana samun su a wayoyin Android da iPhone. Wasan ba ya zuwa da Hausa, saboda haka za ka buƙaci ɗan Turancin da zai ishe ka karanta farashi da ra'ayoyin kwastomomi.

Kafin ka fara, ka sauke wasan daga Steam ko Play Store ko App Store, kada ka karɓi kwafin da aka yi wa kwaskwarima wanda ake cewa yana zuwa da kuɗi marasa ƙarewa. Ban da haɗarin da irin wannan fayil yake jawo wa waya, yana kashe wasan gaba ɗaya, domin duk daɗinsa yana cikin ƙarancin kuɗin ne. Idan kwamfutarka ko wayarka ba mai ƙarfi ba ce, ka shiga saituna ka rage ingancin hoto tun daga farko, musamman a lokacin bazara da waya take ɗaukar zafi tun kafin a ba ta aiki.

Abin da ya fi muhimmanci a sa'o'in farko shi ne ka san nawa shagon yake ci a kowace rana ko da babu wanda ya leƙo. A kashi na farko kana biyan hayar shago da ta gidan da kake kwana, a na biyu kuma labarin ya ɗora maka bashin ɗan'uwanka wanda dole ka nemi kuɗi ka biya, ga shi wurin da aka ba ka kango ne da sai ka tayar da shi. Shawarata ita ce ka ajiye takarda da biro a gefenka, kamar yadda mai shago a Kantin Kwari yake ajiye littafin shiga da fita, ka rubuta duk abin da ya zama wajibi ka biya da ranar biyansa. Wannan adadi shi ne kuɗin da ba naka ba ne ko da kana ganinsa a asusunka. Abin da ya hau kansa ne kaɗai za ka iya sayayya da shi.

Na ga yadda rashin wannan lissafi yake ƙarewa a hannun ɗan yayata, wanda ya karɓi kwamfutata wani yammaci a gidanmu da ke Gwammaja. Da kuɗin farko suka shigo masa, sai ya zuba su duka a kwamfuta guda mai tsada da kayan adon bango, shago ya yi kyau kamar ɗakin amarya. Kwastoma ɗaya yana zaune, sauran suna shigowa su ga babu wurin zama su juya. Da lokacin biyan kuɗaɗe ya yi, ya waiwayo ya ce da ni, «Kawu, wai ina kuɗin suka tafi ne?» Na nuna masa bangon na ce ga su nan a rataye. Bai yi dariya ba, amma da ya sake farawa bai sayi ko hoto ɗaya ba sai da ya jera tebura uku.

Dalilin a bayyane yake idan aka yi lissafinsa. A ce, a matsayin misali kawai, kwamfuta mai araha tana kawo maka 10 a sa'a, mai tsada kuma tana kawo 16, amma kuɗin mai tsadar zai saya maka masu araha guda uku. Idan akwai jama'ar da za su cika kujerun, ukun za su kawo 30 a sa'ar da gudar take kawo 16. Saboda haka a farkon wasa yawan wurin zama ya fi ƙarfin na'ura amfani, matuƙar kana ganin mutane suna shigowa suna fita ba su zauna ba. Ranar da ka lura kujeru sun fara zama babu kowa, ko ƙorafin da ake rubuta maka ya koma kan cewa kwamfutocin ba su da ƙarfi, to lissafin ya juya, lokacin inganta na'urori ya yi. Kuma ka riƙa tuna cewa wurin zama ba kwamfuta kaɗai ba ne: tebur da kujera da allo da madannai da linzami duk sai sun cika kafin ya fara kawo ko kwabo. Kada ka yi odar rabin kaya kana sa ran cikawa gobe, domin kuɗin da ka zuba a ciki ya kwanta ke nan.

Farashi kuwa a hankali ake taɓa shi. Ka ƙara kaɗan, ka bar yini guda ya wuce, ka duba ko yawan masu zama ya ragu da kuma abin da suke faɗa a kanka, sannan ka yanke shawara. Idan ka canza farashi ka sayi sabon wasa ka kuma sauya kujeru duk a rana ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanne ne ya kawo ciniki ko ya kore shi ba. Ra'ayoyin kwastomomi su ne madubinka, kuma sun fi yawancin shawarwarin da za ka ji a waje amfani, domin suna faɗa maka ainihin abin da ya dame su a shagonka. Wasannin da kake saya wa kwamfutocin suna cikin abubuwan da suke jawo jama'a, amma lasisinsu kuɗi ne, saboda haka ka fara da waɗanda suka fi farin jini maimakon ka tara da yawa. Shara kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Ka kwashe ta da zarar ka gan ta.

Akwai wurin da ɗan Kano ba ya buƙatar a koya masa komai, wato batun wuta. A kashi na biyu ana ɗauke wuta, kuma wasan ya tanadi janareta domin hakan. Mai wasa a ƙasar da wuta ba ta yankewa zai iya ɗaukar janareta a matsayin abin da za a saya daga baya, mu kuwa mun san cewa shagon da ya yi duhu kwastomominsa na maƙwabci ne. Ka sa shi cikin manyan sayayyarka na farko, da zarar kujerunka sun kai yawan da asarar sa'a guda za ta yi maka ciwo. Haka kuma wasan yana kawo ƙarin jama'a a ranakun da ake ruwan sama, don haka kada irin wannan rana ta same ka a waje kana yawon gari shago a rufe. Abin dariyar shi ne, wutar ɗakinka ta gaske ma tana iya tafiya kana tsakiyar gyara ta cikin wasa, saboda haka ka tabbata an adana inda ka tsaya kafin ka shiga wata babbar sayayya.

Tsaro shi ne abu na gaba, kuma a kashi na biyu ba ƙaramin al'amari ba ne, domin 'yan daba da gungun masu karɓar kuɗi da ƙarfi suna kawo farmaki, har bam suna iya jefawa cikin shago. Wasan ya ba ka jerin ƙwarewa da za ka riƙa buɗewa sannu a hankali, inda za ka zaɓi ko ka ƙarfafa ɓangaren kasuwanci ko ɓangaren faɗa. A ganina ɓangaren kasuwanci ya fi, saboda duk lokacin da ka ɓata kana bin ɓarawo a titi lokaci ne da babu mai kula da shago, alhali kuɗin da ƙwarewar kasuwanci ta kawo zai ɗaukar maka mai gadi. Wannan ma'auni shi ne na ɗaukar kowane ma'aikaci. Ka tambayi kanka ko aikin da zai sauke maka yana kawo abin da ya fi albashinsa. Idan kwamfutocinka huɗu ne, kai ne mai shago kai ne yaron shago. Idan sun yi yawan da kake rasa wanda za ka fara saurara, ga girkin abincin da ake sayar wa kwastomomi yana jiranka, to rowar albashi ta fara jawo maka asara.

Wasan yana buɗe maka wasu gajerun hanyoyi. Akwai harkokin da suka saɓa wa doka, akwai biyan mutane su rubuta maka yabon ƙarya domin darajar shago ta hau, akwai kuma saye da sayar da kuɗin kirifto. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yi gargaɗin cewa harkar banza tana iya zuwa da tsada. Ni ban ga amfaninsu ga mai son ya koyi tafiyar da shago ba, domin yabon da ka saya yana rufe maka ido daga ainihin matsalar da ta sa ake ƙorafi. Kirifto kuwa, idan har za ka taɓa, to da rarar da ta rage bayan ka ware haya da albashi, ba da uwar kuɗi ba. Saboda waɗannan abubuwa da kuma faɗan da ke ciki, ya kamata iyaye su fara buga wasan da kansu kafin su miƙa wa ƙaramin yaro.

Faɗaɗa shago shi ne matakin da ya fi ruɗar mutane, domin sabon fili yana ƙara maka kashe kuɗi tun daga ranar da ka karɓe shi, alhali ba ya kawo komai sai ka cika shi da kaya. Kada ka karɓa sai wurin da kake ciki ya cika maƙil a yawancin sa'o'in yini, kuma kana da kuɗin filin da na aƙalla wuraren zama biyu cikakku da za ka saka a ciki nan take, ban da abin da ka ware na biyan wajibai. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, ka ƙara kwana biyu ko uku a inda kake, ka zuba rarar a inganta kwamfutar da aka fi yi maka ƙorafi a kanta.

Wanda yake tunanin buɗe kafe na gaske a Kano ya lura da bambanci guda. Kwastomomin cikin wasan sun zo ne su buga wasanni, namu kuwa, tun da intanet ya koma cikin wayar kowa, yawanci suna zuwa ne domin cike fom da buga takardu da fotokofi da duba sakamakon jarrabawa, kuma rajistar JAMB ma a cibiyoyin da hukumar ta amince da su ake yin ta. Ke nan firinta da tawada da takarda, waɗanda su ne ƙashin bayan shagon Kano, sai ka ƙara su a lissafinka da kanka, tare da kuɗin fetur, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023, ko kuma kuɗin kafa sola da batura idan ita ka zaɓa.