Kurakuran da ake yawan yi wajen yi wa kunkuru shinge a tsakar gida

Yawancin masu ajiye kunkuru gani suke ƙoƙon bayansa ya ishe shi tsaro, don haka abin da suke ginawa na hana shi yawo ne kawai. To amma babban kunkurun nan na Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal har Sudan, yana fitowa daga ƙwai tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, bayansa da laushi har yatsa na iya lotsa shi. Shi ne kuma wanda in ya gama girma bayan shekaru da yawa yana iya haura kilo 50. Abin da ke kashe ƙaramin daban, abin da ke wahalar da babban daban, kuma shingen da ya yi wa ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ragar kaji. Tana da araha, ko'ina ana samunta, amma an yi ta ne don tsare kaza, ba don tare kare ba. Kare yakan yaga ta da haƙori, ɓera kuma ya bi ta ramukanta ya wuce. Akwai wani aibin da ba a cika lura da shi ba: muddin kunkuru yana hango waje, ba zai daina turawa ba. Zai yini yana goga fuska da ƙafafu a jikin waya har ya ji ciwo. Gyaran shi ne a tada katangar bulo wadda ba ya gani ta cikinta, kamar jeri uku, sannan in ana son raga a ɗora ta daga sama. Ragar kuma ta zama mai kauri irin ta walda, wadda ramukanta ba su fi santimita 1 ba. Katako ma yana yi, sai dai gara ba ta barinsa ya daɗe.

Sai maganar ƙasa, inda masu gini da dama suke faɗawa. Wannan kunkuru gwanin haƙa ne. A daji rami yake yi mai tsawon mita da yawa, ya shige ya tsere wa zafin bazara, kuma ba zai bar halinsa don an kawo shi gida ba. In aka ɗora bulo a kan ƙasa haka kawai, zai bi gindin katanga ya fita, gafiya kuma ta bi hanyar ta shigo. A ce wa birkila ya nutsar da harsashin aƙalla rabin mita. Wasu in sun gaji sai su dafe wurin gaba ɗaya da siminti. Wannan ma ɓarna ce: siminti yana cinye masa farata da ƙasan ciki, da rana kuma ya yi zafin da ba a taka shi. A bar masa ƙasa, a tara masa tudu a tsakiyar fili, nesa da katanga, inda zai yi haƙarsa ba tare da ya kada gini ba.

A duba kusurwoyi kuma. Kunkuru yakan tokare ƙafafu a lungu ya hau, in bai fita ba ya kife a bayansa, kuma kifewa a tsakar rana na iya kashe shi. A gicciya katako a saman kowace kusurwa, kada a bar dutse ko kwano kusa da bango.

Ƙaramin kunkuru kuwa dole a rufe samansa. Shirwar da ke ɗaukar ɗan tsako za ta ɗauke shi, hankaka kuma ya fasa shi da baki. Mai walda ya yi murfin raga mai ƙyaure, a sa sakata da kwaɗo, domin yaran unguwa ma suna cikin lissafi. Kada a rufe duka da kwanon rufi don neman inuwa. Yana buƙatar rana kai tsaye don bayansa ya yi ƙwari, ƙarƙashin kwano kuma tanderu ne a watan Afrilu. Rabi rana, rabi inuwar zana ko bishiya, shi ya fi.

Ɓarnar da ta fi muni da dare ake yin ta. Ɓera yakan sami kunkuru yana barci, sanyi ya kashe masa jiki, ya gaigaye masa ƙafafun gaba. Abin da ke jawo shi kuwa ragowar abinci ne, ɓawon kankana da ganyen da aka zuba tun safe. Su ne kuma ke kiran kiyashi da kwarkwasa, waɗanda ke iya gamawa da ɗan ƙarami kafin gari ya waye. A share wurin kafin magariba, a sa ƙananan a akwati mai ƙofa su kwana a ɗaki, musamman da hunturu. Maganin ɓera kam kada ya kusanci wurin, don kunkuru yana ɗanɗana duk abin da ya tarar a ƙasa.

Karen gida ma ba abin yarda ba ne, ko da sun shekara tare. A wurinsa ƙoƙon nan ƙashi ne mai tafiya, kuma rana ɗaya ta isa.

Ruwan sha a zuba a faranti mai faɗi marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa, domin wannan ba kififfiya ba ce, nutsewa yake yi. Kafin damina a duba inda ruwan indararo ke zuba. In yana gangarowa wajen ramin kunkurun, a karkatar da shi, a kuma bar ƙaramar kafa a gindin katanga mai toshiyar raga don ruwa ya riƙa fita.