Kafin ki yarda a yi miki aikin gyaran ciki bayan haihuwa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Bauchi, na daɗe a ɗakin mata masu jinyar tiyata. A 'yan shekarun nan, tambayar da mata suka fi ja na gefe su yi mini a gidan suna ko biki ita ce ta aikin gyaran ciki. Wata ta haifi huɗu ko biyar, wata ta dage ta sauke ƙiba, sai fatar ciki ta saki ta zubo kan mara. Da bazara ƙarƙashin fatar yana jiƙewa da gumi, ya yi ja, ya saɓe, ana barbaɗa hoda ana cusa tsumma amma wari ba ya barinta. Wadda ke fama da wannan ba son kwalliya kaɗai ya dame ta ba, kuma ba na ganin laifinta in ta nemi mafita. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu tambayar lokacin aikin bai yi musu ba tukuna, wasu ma ba shi ne maganin abin da ke damunsu ba.

Ki fara da sanin me ya turo cikin. Ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki jera yatsu a saman cibiya kaɗan, sannan ki ɗaga kai kamar za ki kalli gwiwoyinki. Za ki ji tsoka biyu sun matso yatsun ta hagu da dama. Ki lura yatsu nawa suka nutse tsakaninsu. In sun wuce biyu, tsokar cikin ta rabu, abin da juna biyu ke jawowa yayin da mahaifa ke girma tana ture su gefe. A mata da yawa ramin yana raguwa da kansa cikin makonni 8 na farko bayan haihuwa, sauran kuma motsa jiki na musamman yana taimaka musu ƙwarai. Masu gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi, ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, su ne za ki nema su nuna miki. Ki ba wannan watanni kafin ki yi zancen wuƙa.

Sai ki tashi tsaye ki kama fatar da hannu biyu. In tana ɗaguwa laɓaɓa, siririya, ta cika da nankarwa, to ta zama kamar robar siket da ta gama saki. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp, man shafawa, ɗaurin ciki, babu wanda zai mayar da ita. Amma in cikin yana da tauri, ya yi tulu ko kina kwance, kuma ba kya iya kamo komai sosai, matsalar tana can ciki: kitsen da ke kewaye da hanji, wanda aikin nan ba ya taɓawa, ko ƙari a mahaifa, ko wani ciwon daban. Wannan hoton ciki yake buƙata. Haka in cibiya ta turo waje tana kumbura lokacin tari, hanji ne ke leƙowa ta wata kafa, kuma gyaransa aikin lafiya ne da kowane ƙwararren likitan tiyata ke yi.

Shi kansa aikin, ana sa mace barci gaba ɗaya, yakan ɗauki awa 2 zuwa 5. Likita yana yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, ƙasa-ƙasa a saman mara, ya ɗaga fatar har kusa da haƙarƙari, ya ɗinke tsokar da ta rabu, ya jawo fatar ƙasa ya yanke rarar, sannan ya huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Nankarwar da ke ƙasan cibiya takan tafi tare da fatar da aka cire, ta sama kuwa tana nan, sai dai ta sauko. Zuƙe kitse aiki ne daban: yana rage kitsen ƙarƙashin fata amma ba ya ɗame ta, kuma ga mai sakakkiyar fata yana iya ƙara mata zubowa. Duka biyun ba hanyar rage ƙiba ba ne.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wurinmu: haihuwa. Kin gama? Ba "ina ganin na gama" ba. Aikin ba ya hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki zai sake buɗe tsokar da aka ɗinke ya sake jan fatar, kuɗi da wahala su tafi a banza. Mace mai shekara 28 da 'ya'ya uku a gidan Bahaushe, da wuya a ce ta rufe. Ki zauna da maigida ku yi maganar a fili, domin sau da yawa ita ta gama a ranta, shi yana jiran wani namijin. Ku kuma daidaita kan hanyar tazarar haihuwa da za ki bi. Wasu suna roƙon a haɗa musu aikin da tiyatar haihuwa a rana ɗaya don a huta. Ina hana su. A ranar mahaifa ba ta koma ba, jiki a kumbure yake, ga zubar jini, ga haɗarin daskarewar jini ya riga ya ƙaru. Likitoci suna so a jira aƙalla wata 6 zuwa shekara bayan haihuwa, kuma a yaye. Tunda mu shayarwarmu kan kai wata 18 zuwa shekara biyu, ki ɗauki yaye a matsayin ma'auni. Ga kuma dalili na fili: ba za ki yi goyo ba har tsawon mako 6.

Wadda ta rage ƙiba kuwa, nauyinta ya tsaya wuri ɗaya na wata 6 zuwa shekara. In kina da sauran kilo da kike son saukewa, ki sauke tukuna, don in kin rame bayan aiki fatar za ta sake saki. Yawancin likitoci sun fi son ma'aunin BMI, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, ya kasance ƙasa da 30, domin sama da haka ciwo ya fi saurin ruɓewa ko buɗewa.

Gwaje-gwaje ba abin tsallakewa ba ne. Yawan jini, tunda haihuwa a kai a kai tana barin matanmu da ƙarancinsa. Sukari da hawan jini, sai an daidaita su. Rukunin jini na sikila. Ina ƙara matsawa kan zuciya: raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da wankan jego mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa. In kin taɓa kumburin ƙafa da haki bayan wata haihuwa, ki faɗa, a yi hoton zuciya. Ki juye wa likita duk abin da kike sha a kan tebur, har da tsimi, jiƙo da kayan mata. Asfirin yana tsinka jini. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin tana ƙara haɗarin gudan jini, akan dakatar da ita kamar mako 4 kafin aiki, amma da umarnin likita. Mai shan sigari ko shisha ta bari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa, domin nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da fatar da aka ɗaga, har wani sashe ya mutu ya yi baƙi.

Ki duba jikinki ma. Hudar kunnenki, tabon allurar rigakafi, ko tabon tiyatar haihuwa, in ɗaya ya tsiro ya yi tudu yana ƙaiƙayi, jikinki mai yin irin wannan tabon ne, kuma baƙar fata ta fi yinsa. Ki ƙaddara hakan a layi mai tsawo daga ƙugu zuwa ƙugu. Ko ga wadda jikinta ba ya tsiro, tabon yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta ya dushe, kuma ba ya ɓacewa.

Game da addini, ni ba malama ba ce, amma akwai abin da zan nuna miki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Malesiya cikin 2007, ta bambanta tsakanin tiyatar da ke mayar da jiki yadda yake ko kawar da aibin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya, wadda ta halatta, da wadda ake yi don canza halitta lafiyayya saboda son rai, wadda ta hana. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi haƙiƙanin halinki, kada ki rage kada ki ƙara. Hankalin da ya kwanta kafin aiki yana taimakon jinya.

Zaɓen likita shi ne inda rai yake. A Oktoban 2005 Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifen bayan aikin zuƙe kitse, kuma a 2009 kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci. Kuɗi da ƙasar waje ba su tsare ta ba. Don haka kada hotunan "kafin" da "bayan" na Instagram su zama hujjarki. Ki tambayi cikakken sunan wanda zai riƙe wuƙar, ki tabbatar yana da rajista da lasisi mai ci na hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Digirin likitanci kaɗai bai isa ba: ya kasance ya gama horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, yana da shaidar FWACS ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko shaidar FMCS ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa. Ƙwararrun wannan fanni suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. Ki tambaye shi kai tsaye: wa zai sa ni barci, likita ne ƙwararre? Akwai jini a ajiye? In abu ya ɓaci, akwai ɗakin kulawa ta musamman a nan, ko sai an ɗauke ni a mota? Me za ku yi don hana gudan jini? In ɗinki ya buɗe, wa zai biya gyaran? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce miki babu wani haɗari, ko ya ce rangwame zai ƙare ranar Juma'a, ki ɗauki jakarki. Ni shawarata ki fara ganin likita a asibitin koyarwa ko da a wani wuri za a yi aikin, don ki ji ta bakin wanda ba ya jiran kuɗinki.

Kuɗin a asibitocin kuɗi maganar miliyoyi ce, kuma inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ba ta biyan aikin kwalliya. Kada ki sayar da fili ko gwal ki zuba duka a kan kuɗin aiki. Ki bar wani abu don abin da ka iya biyo baya.

Na taɓa jinyar wata baiwar Allah da aka yi wa aikin a wani gari mai nisa, aka sallame ta kwana kaɗan bayansa, ta shigo mota ta Jos har Bauchi. Ta iso mana da robar zuƙe ruwa maƙale a ƙugu, kwalbar an ɗaure ta da bakin zani, cikin ya tara ruwa yana motsi in ka taɓa, babu takardar da ke nuna abin da aka yi mata, wayar asibitin kuma ba a ɗauka. Ta warke, amma da ƙyar. In a Abuja, Legas, Masar ko Turkiyya za a yi miki, ki shirya zama a can aƙalla kwana 10 zuwa mako 2, a cire robar a duba ɗinki, a ba ki rahoton aiki a rubuce, kuma ki riga ki sami likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ki. Doguwar tafiya a zaune, mota ko jirgi, tana ƙara haɗarin gudan jini, kuma wannan aikin yana cikin ayyukan kwalliya da suka fi jawo shi.

Gida kuwa ki shirya shi kamar za ki yi jego. Ƙanwa ko inna ta zo ta zauna. Mako 1 zuwa 2 na farko a duƙe za ki yi tafiya, ki kwana da matashi a bayanki da ƙarƙashin gwiwa. Babu jan ruwa a rijiya, babu daka, babu wanki a sunkuye, babu ɗaukar yaro ko jarka har mako 6. In masai na tsuguno kike da shi, ki nemi kujerar bayi tun kafin ranar. Salla a zaune za ki yi ta har likita ya yarda da ruku'u da sujada. Rigar matse ciki ana sa ta kusan mako 6, shi ya sa nake cewa a zaɓi hunturu, Disamba ko Janairu. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi azaba ce. Ki kauce wa watan azumi, jiki yana son ruwa da abinci. Ki ci ƙwai, wake, kifi, nono da zogale don nama ya haɗe, ki sha ruwa da gwanda don kada bayan gida ya yi tauri ki yi ta yunƙuri a kan ɗinki. Kada a gasa miki cikin da ruwan zafi: fatar ƙasan cibiya takan daina jin zafi ko taɓi na watanni, za ki ƙone ba ki sani ba. Kuma kada a tausaya miki a bar ki kwance yini guda. Tun rana ta farko ana so ki taka kaɗan-kaɗan a ɗaki.

Ki rubuta waɗannan alamu ki ba mai jinyarki ta riƙe: sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, haki ko ciwon ƙirji farat ɗaya, zazzaɓi, mugunya ko wari daga ɗinki, fata tana yin baƙi, ciki yana kumbura da sauri ta gefe ɗaya, ko jiri da suma. Kowace daga ciki ta bayyana, ko ƙarfe biyun dare ne, a nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa da rahoton aikin a hannu, kada a tsaya a kemis.