Yadda ake musayar gida lokacin hutu ba tare da zumunci ya ɓaci ba

Turawa sun daɗe suna yi. Tun 1953 wasu malaman makaranta a Turai suka fara abin da ya zama ƙungiyar Intervac, hutunsu dogo ne albashi kuma ba yawa, sai malami a Holan ya bar wa na Suwizalan gidansa shi ma ya koma na wancan, ba kuɗin otal. Yanzu akwai irin su HomeExchange a intanet. Mu nan Ringim ko Gwarzo ko Birnin Kudu ba wannan muke da shi ba amma buƙatar tana nan, ɗan birni yana so yaransa su zo dogon hutu su ga gona su sha nono, kai kuma kana da mara lafiya da za a riƙa kaiwa asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala har sati uku, kuɗin masauki ya fi ƙarfinka. To ga yadda ake bi.

Da farko, wa za ka ba? Kar ka ɗauko mutum daga Facebook don kawai ya iya gaisuwa. Sai wanda akwai igiya tsakaninku, ɗan'uwa, suruki, abokin aiki, ko wanda wani dattijo da ka sani zai buɗe baki ya ce ni na tsaya masa. Kuma ka taka da ƙafarka ka ga gidan nasa, bidiyon WhatsApp bai isa ba. Ka yi la'asar a masallacin layin, ka ɗan zauna wajen mai shago, za ka ji ko waye. Ka tambaya nasa ne ko haya yake, in haya ce sai mai gidan ya sani.

Na biyu mutanen gidanka. Gidan ƙauye ba naka ne kai kaɗai ba, ga sashen Baba ga na ƙannenka, zaure ɗaya kuke shiga. Uwargida kuma ɗakinta ne da jerenta za a bar wa wata, in ta ce a'a magana ta ƙare. In an yarda sai ka ɗauki baƙon da kanka ka kai shi gaban mai unguwa, shi ya sanar da dagaci da 'yan sintiri, don a zamanin nan baƙuwar fuska ta kwana a gari ba bayani ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku rubutu, kuma nan ne mutanenmu suke jin nauyi. Zai ce haba Malam, har sai mun rubuta? Ka ce masa Alhaji ba rashin yarda ba ne, saboda mantuwa ne da mutuwa. Bashi ma an ce a rubuta a suratul Baƙara aya ta 282, balle gida da iyali. Ku rubuta ranar shiga da ranar fita, mutum nawa za su kwana har yara, don kar a ce mutum shida ka dawo ka ji an yi taron suna a tsakar gidanka, wa zai sa katin mita a birni, wa zai cika tukunyar gas, in famfo ko sola ta lalace wa zai gyara. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ɗau hoton takardar a wayarsa. Sannan ku zaga ɗaki ɗaki kuna ɗaukar bidiyo tare, talabijin tana kamawa, katifa ba ƙuna, tagar nan dama a fashe take. Wallahi minti goma ne amma yana kashe rigimar shekara.

Na huɗu, ka ware ɗaki ɗaya ka sa masa sabon kwaɗo. Takardun gona da na gida, katin banki, gwal ɗin mata, duk ciki. Maganin feshi da gubar ɓera ma ciki, yaran birni za su ga jarka su zaci abin sha ne. Hatsi ka auna musu kwanon da za su ci ka rufe rumbu. Awaki da shanun huɗa kuwa kar ka ɗora wa baƙo, bai san harawa ba bai san dusa ba, ka damƙa wa ƙaninka. Babur ba ya cikin musaya.

Na biyar ka nuna masa haɗarin gidan, tunda dogon hutu a damina yake faɗowa. Rijiya ta samu murfi mai nauyi. Ka nuna masa katangar da ta jiƙa kar yara su zauna gindinta, da indararon da ke toshewa, a nome ciyawar bayan ɗaki saboda maciji, kowa da gidan sauronsa da tocila. In garinku na bakin kogin Hadeja ne ka faɗa masa gaskiya, ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a Ringim da Hadeja, a Agusta da Satumba sai da shiri. Ka bar masa lambar maƙwabci, ta mai kemis, da ta ɗan acaɓan da zai taso ko ƙarfe biyun dare ne. Kai ma a birni ka ce a nuna wa iyalinka yadda ake rufe gas tun daga kan tukunya, janareto kuma a waje yake kwana, hayaƙinsa yana kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Ranar dawowa a share gida, a cika randa, a wanke zannuwan gado. Abin da yaro ya fasa ka faɗa da bakinka kafin mai gida ya gani, ka biya ko ya yafe. Ku sake zagawa da bidiyon nan a hannu gaban shaidun, a karɓi makullai a ƙirga. In ɗaya ya ɓata kar a tsaya nema, a sayo wani kwaɗon ranar kasuwa a canja.