Kurakuran da ke ɓata wa likitoci 'yan gudun hijira shekaru a Birtaniya

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, likitocin da ke zuwa wurinmu, mu masu taimaka musu, neman hanyar komawa aiki sun ƙaru, ga kuma na Siriya da Afganistan da suka riga su. Na gaji da ganin kowa na faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa.

Babban kuskure shi ne barin takardu sai ƙarshe. Hukumar rajistar likitoci, GMC, ba ta wadatuwa da shaidar digirin da ke hannunka. Sai an tantance ta a tsarin EPIC, wato a tuntuɓi jami'ar da ta ba ka ita ta tabbatar. To, jami'ar da ma'aikatanta suka watse, wa zai amsa wasiƙa? Akwai wata likitar yara da na raka tun daga darasin Turanci har ta ci jarrabawa duka, sannan ta zauna fiye da shekara tana jiran amsa daga Khartum, kuɗin da muka harhaɗa mata suka ƙare a haya. Har yau abin yana ci mini rai, domin wasiƙa ɗaya da wuri da ta rage wahalar. GMC tana duba wasu hujjojin idan ɗan gudun hijira ya kasa samo takardunsa, amma sai ka faɗa musu. Ni yanzu ba na buɗe wa kowa littafi sai na ga ya buɗe asusun EPIC.

Sai girman kai a PLAB 2, kashi na biyu na jarrabawar GMC, wanda ake yi a aikace a Manchester. Likita, ka yi haƙuri, shekarunka ashirin a tiyata ba su ake aunawa a Manchester ba. Tashoshin gwaji 16 ne, kowace minti 8, ana kallon yadda kake magana da majinyaci: ka saurare shi? Ka nemi izininsa kafin ka taɓa shi? Ka bayyana masa ciwonsa da kalmomin da zai gane? Manyan likitoci sun fi faɗuwa a nan, don sun saba su yanke hukunci a ce musu to. Wasu kuma su haddace jimlolin ban-tausayi suna zubawa kamar karatun allo, mai jarrabawa kuwa ya ji irinsu har ya ƙoshi. Abin da nake sa su yi shi ne atisaye da wanda bai san likitanci ba, maƙwabci ko ɗalibi. In bai gane ba, a sake.

Turanci ma ana raina shi. A jarrabawar Turanci ta IELTS ana son maki 7.5 gaba ɗaya, kada wani sashe ya gaza 7, ko kuma B a kowane sashe na jarrabawar Turanci ta OET, wadda nake fifitawa don a kan aikin asibiti aka gina ta. Sakamakon shekara biyu yake yi, kada ka ci ka kwanta.

Kada ka shiga PLAB 1, kashi na farko na rubutu, don gwaji, damar rubuta ta ƙidayayya ce. Kada ka biya kwas mai tsada kafin ka tuntuɓi masu tallafa wa likitoci 'yan gudun hijira, kamar REACHE a Salford, ko shirin Building Bridges a Landan, ko Bridges Programmes a Glasgow. GMC ma tana rage wa 'yan gudun hijira kuɗin jarrabawa. Kuma ka nemi zaman koyon aiki a asibiti tun kana karatu, domin ranar neman aiki a NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, sai an tambaye ka yaushe rabonka da duba majinyaci.